Yaya Na'am da Injin Ƙyanƙyasa

Ni dai tun da na yi wayo ban taɓa jin an kira yayata sau biyu ba. Kafin ka rufe baki ta ce na'am, kafin na'am ɗin ya gama shiga kunnenka ita ta iso. Mu bakwai ne a wurin mahaifiyarmu, ita ce babba, ni ce ta shida, kuma kowa a gidan ya ɗauka don amsa kiransa aka haife ta. Shi ya sa muka laƙaba mata Yaya Na'am. Sunan ya bi ta gidan miji, ya bi ta har wurin aiki.

Mutane suna yabon wannan hali nata. Ni ba na cikin masu yabon, domin ni na sha wuyarsa. Ina 'yar shekara bakwai ta zaunar da ni a tsakar gida tana yi mini kitso, washegari za a koma makaranta. Ta kai rabin kai, tana tsakiyar wani layi, sai Mama ta ƙwala mata kira daga kicin. "Riƙe nan, kar ki saki," ta ce, ta danƙa mini silin gashin ta ruga. Daga kicin autanmu ya kira ta, takalminsa ƙafa ɗaya ya ɓata. Daga neman takalmi maƙwabciya ta leƙo tana so a karanta mata wasiƙa. Ni kuwa ina nan zaune, wuya a karkace, hannu a sama, na ƙi saki tunda an ce kar in saki, har hannun ya sage. Da rabin kitso na tafi makaranta. Shekara talatin ke nan ban yafe ba, kuma ta sani.

Kar a fahimce ni baibai, ba lalaci ba ne. Yaya ba ta san zama ba. Matsalarta ita ce ba ta iya barin mutum yana jira ko na ƙiftawar ido, gara ta bar aikin da ke hannunta, tunda shi ba shi da bakin kira. A haka ta yi makaranta, ta karanci aikin lantarki a kwalejin fasaha, ta yi aure, ta haifi biyu. A haka kuma, tsakanin wannan na'am da wancan, ta koya wa kanta rubuta manhaja a kan tsohuwar kwamfutar mijinta, wadda murfinta ba ya tsayuwa sai an tokare shi da littafi. Tana da shekara arba'in ta sami aiki a wani ƙaramin kamfani mai ƙera injin ƙyanƙyasar ƙwai. Bayan shekara biyu ta jawo ni, aka ba ni teburin gaba da wayar tarho, wai tunda bakina ba ya mutuwa gara a sa shi a hanya.

Kamfanin, sunansa ya fi shi girma. Ɗaki biyu ne da baranda a saman wani shagon taya, akwatunan kuma a bayan shagon ake haɗa su. Mu tara ne duka. An yanke wa Manaja ofis da katako daga ɗakin gaba, ko tari ya yi sai na ji. A ɗakin ciki akwai lungun Yaya kusa da taga, da kwamfutarta da wata na'ura mai zana wutar waya da koren layi a kan allo. Sauran ɗakin dogon teburin Baba Dalma ya cinye shi, da fitilarsa mai lanƙwasasshen wuya, da gilashin ƙara girma, da ƙarfen liƙi a kan mazauninsa. Shi ke liƙa kowane ɗan ƙanƙanin abu a kan allunan lantarkin da ke cikin injunanmu, ɗaya bayan ɗaya, da hannu. Ya haura sittin. Sunansa na gaskiya sai a takardar albashi.

Baba Dalma yana da hali ɗaya da ya saɓa wa na Yaya kamar gabas da yamma. In ka kira shi yana tsakiyar liƙi, ko kai ba zai ɗago ba. "Ina zuwa," zai ce, ya ci gaba. Sai ya ɗaga ƙarfen, ya duba, ya ajiye, sannan ya juyo. Abin yana ba Manaja haushi, ni ma da farko ya ba ni, har na tambaye shi wata rana ko raini ne.

"'Yata, dalma in ta narke ƙidaya uku take so," ya ce. "Ki ɗaga hannu a biyu, a ido za ta yi kyau, cikinta kuwa ba ta kama ba. Wanda ya kira ni ba abin da zai same shi a ƙidaya uku."

Injin namu akwati ne kamar firiji, yana cin ƙwai ɗari biyar. Kwana ashirin da ɗaya ake so zafin ciki ya tsaya a digiri talatin da bakwai da rabi, kuma duk bayan awa biyu a juya ƙwan. Mai kula da wannan duka wata 'yar kwamfuta ce da ba ta fi tafin hannu ba. Ma'aunin zafin kuwa bai fi ƙwayar shinkafa ba, wayoyi biyu sirara ne suka haɗa shi da kwamfutar. Makon da na fara aiki Yaya ta yi mini bayani don kar in riƙa ba masu kira kunya.

"A cikin kwamfutar akwai uwar manhaja, kanel ake ce mata. Ita kaɗai ke da izinin taɓa wayoyi, sauran manhajoji sai dai su roƙe ta. A cikinta kuma akwai ɗan sashen da ya san yadda ake magana da na'ura, shi ne direba. Na wayoyin nan biyu ni na rubuta shi. Su wayoyin kuma bas ake ce musu."

"Ga direba ga bas, saura kwandasta," na ce.

"Ai ke ce, tunda ke za ki riƙa shan zagin fasinja."

Ba ta yi ƙarya ba. Lokacin da injunanmu ba su da yawa a hannun mutane, jefi-jefi ne wani zai kira ya ce injinsa ya yi wani abu, a ce tsautsayi ne a wuce. Da suka kai ɗari biyu, wayata ta daina hutawa. Ƙorafin iri ɗaya ne kullum. Allon injin yana nuna talatin da bakwai da rabi, lafiya lau, amma ciki ko dai ya yi sanyi ƙalau ko ya zama tanda. A kashe a kunna, ya dawo daidai kamar ba shi ba.

Akwai wata mata da muke kira Mai Kaji, ita ta fara sayen injinmu, har ta kai uku. Ita ba ta kira ba, hawowa ta yi da kanta tana haki, ta dire mini bokiti a kan tebur.

"Ɗiyata, leƙa."

Ban so leƙawa ba, warin ya riga ya gaya mini.

"Kwana goma sha shida," ta ce. "Saura biyar kacal. Na fasa ɗaya, wallahi har gashi ya fito masa. Ɗari biyar, duk sun dahu, allonku yana ce mini komai daidai. Ku gaya mini, me na yi muku?"

Na shirya wa zagi, ban shirya wa hawaye ba. Tausayinta ya kama ni.

Aka dawo da allunan lantarki goma sha ɗaya daga injunan da suka yi ɓarna. Kowanne aka sa masa wuta a ɗakin ciki sai ya yi aiki sumul, kwana da kwanaki. Manaja ba mugu ba ne, matsoraci ne, kuma a lokacin yana neman laifin da zai iya nunawa da yatsa. Ya tara mu a ɗakin gaba.

"Abin da ke aiki yau, gobe ya ƙi, ka taɓa shi ya dawo, ai ba sai an tambayi kowa ba," ya ce. "Liƙi ne ya saki. Baba, ba cin fuska ba, amma na ga yadda kofin shayi ke rawa a hannunka. Ƙarshen wata za mu mayar da liƙin alluna masana'anta, inji ya riƙa yi. Sai ka huta."

Gaskiya ne kofi yana rawa a hannun Baba Dalma. Ƙarfen liƙi kuwa bai taɓa rawa ba, ni shaida ce. Amma ba wanda ya tsaya masa, har ni.

"To, Yallaɓai," abin da ya ce ke nan.

Ya kwashi allunan goma sha ɗaya ya koma teburinsa. Kwana huɗu yana bin su ɗigo ɗigo a ƙarƙashin gilashi, ko abincin rana ba ya tashi ci. Na kai masa shayi a rana ta huɗu, na ce ya bar wahalar da kansa, kowa ya san kashin kaji aka shafa masa.

"Ba korar ce ke damuna ba, 'yata," ya ce. "Da na ga inda na yi kuskure da hankalina ya kwanta. Ban gani ba. Shi ne nake tsoron ko idon ma ya tafi ban sani ba."

Na koma lungun Yaya na sauke mata duk haushina. Ita ma ba zaune take ba, ta yi mako tana gwaji, amma injin gwajin ya ƙi lalacewa. Ga shi ba a barinta ta yi minti goma a kujera. Na'urar buga takardu ta maƙale, Yaya. Wayar Manaja ta ƙi kamo saƙo, Yaya. Masu haɗa akwati sun rasa wata waya, Yaya. Ita kuma na'am, na'am, ta tashi.

Saura kwana tara wata ya ƙare ta zo teburina ta ce in ara mata littafin ƙorafi. Ni mutum ce mai rubuta komai, domin na gaji da mutanen da ke cewa ba su faɗi abin da suka faɗa ba. Duk wanda ya kira sai na sa shi ya karanto mini duk abin da ke allon injin, har da ƙananan lambobin da ke kusurwa, masu nuna lokacin da aka ɗauki awon zafi na ƙarshe. Yaya ta bi su da yatsa. Ƙarfe goma daidai. Ƙarfe huɗu daidai. Sha biyu, biyu, shida, takwas. Babu uku, babu biyar, babu ko ɗaya mai 'yan mintoci a sama.

"Duk awa biyu," ta ce a hankali. "Lokacin juya ƙwai."

Ta koma ciki da littafin. Manaja ya kira ta sau ɗaya ta je ta dawo. Bayan kamar awa ɗaya na ji ta kira ni, da wata murya da ban san ta da ita ba. Na same ta zaune ta haɗa hannu a cinya, tana kallon allon koren layi. Layi biyu ne. Na saman yana miƙe a sama, na ƙasan ya kwanta a ƙasa, babu mai motsi.

"Injin ya tsaya," ta ce. "A daƙiƙa huɗu. Na kashe na kunna sau shida, sau shida yana tsayawa."

"To ai abin murna ne. Me kika yi masa?"

Ta yi mini bayani dalla-dalla, ina jin don ta ji da kunnenta ne. Duk daƙiƙa ɗaya manhajar da ke kula da zafi tana tambayar ma'auni. Direba ya buɗe magana a kan wayoyin nan biyu, ɗaya tana buga ƙidaya, ɗaya tana ɗauko amsa, kowane bugu da ɗigon amsa ɗaya. Maganar duka ba ta kai ƙiftawar ido ba, kuma kafin ta ƙare direba jira yake yi. To akwai wani irin kira da kanel ke isar wa manhaja, sigina ake ce masa, kamar a dafa kafaɗarka a ce ga wani abu ya taso. Agogon juya ƙwai da sigina yake sanarwa, duk awa biyu. Abin da ta yi yanzu shi ne ta sa a riƙa aiko siginar sau dubu a daƙiƙa.

"Jira iri biyu ne a kanel," ta ce. "Akwai wanda in sigina ya zo za ka watsar da abin da kake ka tashi. Akwai wanda sai ka gama. Ni na zaɓi na farko."

"Don me?"

"Don na tsani na'urar da za ka kira ta yi banza da kai. Gani na yi rashin ladabi ne." Ta nuna layin ƙasan. "Sau dubbai siginar tana zuwa babu magana a kan waya, ba abin da ke faruwa. Amma ranar da ta faɗo a tsakiyar magana, direba sai ya saki ya tafi. Shi kuwa ma'auni yana tsakiyar amsa, ya danne wayar ƙasa yana jiran bugu na gaba, bugun ba zai zo ba. Muddin ya danne, ba mai iya sake magana a wayar. Manhaja ta ci gaba da nuna tsohon awo. In hitar da ke ɗumama ƙwan a kunne take a lokacin, a kunne za ta zauna."

Ina nan ina ƙoƙarin haɗa zancen. Sai ta juyo ta dube ni.

"Kin tuna kitsonki?"

"Mantawa zan yi?"

"To ma'aunin nan ke ce. An ce ya riƙe, an tafi an bar shi."

Na so in yi dariya, dariyar ta ƙi zuwa, domin a lokacin na gane abin da take faɗa. Ba hannun Baba ba ne. Layi ɗaya ne da Yaya ta rubuta shekaru da suka wuce.

Abin da na ce mata bayan nan ba na alfahari da shi, amma tunda na ɗauko labari sai in faɗa. Na rufe ƙofa na ce ta gyara shiru, ta tura wa injuna a matsayin sabuntawa, kar ta ce wa kowa komai. Tsoro ne ya kama ni. Manajan da ya kori tsoho saboda rawar kofi, me zai yi wa wadda ta dafa ƙwai dubbai? In ta tafi kuma ni ma na san hanyata.

"In na gyara shiru," ta ce, "matsalar za ta ɗauke daidai lokacin da aka sallami Baba. Kowa zai ce ga shi nan, ashe shi ne. Shi ma zai yarda."

"To ki yi tunanin 'ya'yanki."

"Su nake tunani," ta ce, ta miƙe.

Ba ofishin Manaja ta nufa ba. Teburin Baba Dalma ta je, ta durƙusa a gefensa.

"Baba."

"Ina zuwa."

Ta jira. Ya ɗaga ƙarfen, ya duba, ya ajiye, ya juyo. Ta gaya masa komai, ba ta rage wa kanta ko kaɗan ba, ta ce ya yafe mata. Ya saurara har ƙarshe. Sai ya cire tabarau ya goge da bakin rigarsa, ya mayar.

"Ashe idon yana nan," ya ce.

Ni da ke tsaye a bakin ƙofa sai da na juya baya.

Ya ce ta tashi ta zauna, ya tambaye ta maganin abin. Ta ce za ta sa direba ya daina tashi, ko sigina ta zo sai ya gama maganar da ya fara, sannan a amsa.

"In kuma maganar ta ƙi ƙarewa fa?"

"Sai ya yi ta jira."

"A'a," ya ce. "Ni ma in ƙidaya uku ta wuce dalma ba ta kama ba, ɗaga hannu nake yi, in ba haka ba allon ne zai ƙone. In share wurin in sake. Ki sa masa iyaka."

Haka ta yi. Kwana biyu ta ɗauka. Direba ya koyi ƙarasa magana kafin a amsa sigina. Aka sa masa iyakar jira, kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. In iyakar ta wuce, ko ya tarar an danne waya, sai ya buga ƙidaya har tara don ma'auni ya ƙarasa abin da ke bakinsa ya saki, sannan ya rufe maganar yadda ya kamata. Ta ƙara da cewa in awo ya daina zuwa, hita ta mutu, ƙararrawa ta yi ta ihu har sai mai injin ya zo.

Rana ta uku ta gayyato Manaja ɗakin ciki. Ta jera alluna biyu, ɗaya na hannun Baba, ɗaya samfurin da masana'anta ta aiko. Ta sakar musu sigina da tsohon direba. Na Baba ya tsaya a daƙiƙa huɗu, na masana'anta a shida. Ta fara bayani, ta zo daidai inda za ta ce ita ce ta rubuta layin, sai Manaja, wanda bai iya sauraron abu mai tsawo ba, ya katse ta.

"To, to, na gane, allunan ne duka ba su da kyau. Taso ki duba mini wayata tukuna, tun safe take..."

Na ga jikinta ya motsa zai tashi da kansa, kamar yadda ya saba shekara arba'in da wani abu. Ta dafa tebur.

"Yallaɓai, ina zuwa. Bari in ƙarasa."

Ban san wanda ya fi mamaki ba tsakanin shi da ita. Ya bar ta ta ƙarasa. Ta ce allunan lafiyarsu ƙalau, laifin nata ne, ta nuna masa layin. Sannan ta sa sabon direba ta sake sakin sigina. Muka tsaya minti goma, koren layin yana ta rawarsa bai tsaya ba.

Manaja ya sha mur, ya yi faɗa, ya ambaci ƙwai dubu nawa, duk ta saurara kai a ƙasa. Washegari ya ba ta takardar gargaɗi, ni na buga ta da hannuna. Batun Baba kuwa ya ce shi ba ya gane koren layi, ƙwai yake ganewa. A zuba ƙwai a injin gwaji, da allon hannun Baba da sabon direba, a bar siginar nan tana zuba ba tsayawa har kwana ashirin da ɗaya. In sun ƙyanƙyashe, Baba yana nan. In ba su yi ba, maganar farko tana nan.

Ni na kira Mai Kaji na gaya mata gaskiyar abin da ya dafa mata ƙwai. Ta zazzage ni tas, sannan ta tambaya ko tsohon nan mai tabarau ne za a kora. Da yamma sai ga ƙwai sittin ta aiko, da saƙon cewa in muka dafa waɗannan ma kar mu sake gaishe ta.

Kwanakin nan ashirin da ɗaya ban taɓa ganin masu tsawo irinsu ba. An ajiye injin a baranda. Duk wanda ya wuce sai ya leƙa allon, har masu shagon taya. Ni kuma ina kan waya, ina bin mutum ɗari biyu ɗaya bayan ɗaya don a sabunta musu injuna. Yaya ta aika gyaran ga masu kula da kanel ɗin, mutanen da ba ta taɓa gani ba a ƙasashe daban-daban, domin ta ga irin wannan jira a wani direban da ba nata ba. Wani ya amsa mata da layi biyu, ya gode, ya ce ta gyara tsarin rubutu a wuri ɗaya. Ta buga amsar a takarda ta manna kusa da takardar gargaɗin.

A hutun mako na biyu na je gidanta. Ta kalli kaina ta ce wannan wane irin kai ne, in zauna. Na zauna a ƙasa tsakanin gwiwoyinta, ni mai 'ya'ya uku. Tana tsakiyar layi mijinta ya kira daga ɗaki yana neman makullin mota. Na ji yatsunta sun tsaya a kaina. Na riga na ɗaga hannu zan karɓi silin.

"Ina zuwa," ta ce, ta ci gaba har ƙeya.

Ban ce na yafe ba. Na dai ce layin ya yi kyau.

Rana ta ashirin da safe Baba Dalma ne ya fara jin kukan, siriri, daga cikin ƙwan da ba su ma fashe ba. Rana ta ashirin da ɗaya kafin azahar baranda ta cika da tsiyau-tsiyau. Hamsin da uku suka fito cikin sittin, jiƙaƙƙu, munana, suna tangaɗi. Mai Kaji ta zo da kwali ta ƙirga su sau biyu, ta ce ko kazar gaske ba ta fi haka ba. Lissafin kwamfutar Yaya ya nuna siginar ta faɗo a tsakiyar magana sau ɗaruruwan dubbai, kuma ko sau ɗaya ba a saki waya ba.

Baba bai tsaya kallon kaji ba. Ya leƙa sau ɗaya, ya gyaɗa kai, ya koma teburinsa, akwai alluna ashirin da ke jiransa. Manaja ya daɗe a baranda yana sosa ƙeya. Daga baya na ga ya gyara wuyar rigarsa ya shiga ɗakin ciki. Na bar wayata tana ƙara na bi shi, don wannan ba abin da za a ba ni labari ba ne. Yaya ma ta juyo da kujerarta.

Ya tsaya a gefen dogon teburin, ya yi gyaran murya.

"Baba."

"Ina zuwa," in ji Baba Dalma, kansa a sunkuye, hayaƙin dalma yana tashi siriri a ƙarƙashin fitila.

Manaja bai sake kira ba. Ya mayar da hannayensa baya ya haɗa su, ya tsaya yana jira. Ni kuwa ina ƙirgawa a zuci, ɗaya, biyu, uku, har Baba ya ɗaga ƙarfen.